Ben Ginsberg, lauyan da ya shekara kusan 40 yana farautar maguɗin zaɓe, ƙarshe ya fito ya ce bai gani ba

Jama'a yau a kan wani lauya nake so mu yi magana, na san da yawanmu ko sunansa ba mu taɓa ji ba, alhali yana cikin mutanen da suka tsaya tsayin daka har George Bush ƙarami ya hau mulkin Amurka bayan zaɓen 2000, kuma abin da wannan mulkin ya jawo wa duniya daga Afganistan har Iraƙi ai ba sai an faɗa wa kowa ba. Sunansa Benjamin Ginsberg, lauyan zaɓe na jam'iyyar Republican. Irin mutanen nan ne da ba a manna fostarsu a bango, ba sa hawa dandamali, amma ranar da ƙuri'a ta cakuɗe su ake fara bugawa waya tun kafin gari ya waye.

Da aikin jarida ma ya fara, ya yi 'yan shekaru yana ɗauko rahoto, daga baya ya koma karatun lauya a jami'ar Georgetown ya gama a 1982. Zuwa 1989 ya zama babban lauyan uwar jam'iyyar Republican ta ƙasa, kuma a nan ne ya yi aikin da ni a ganina ya fi komai nuna irin kwanyarsa, ya kuma fi komai ɓata min rai da shi. A Amurka duk bayan shekara 10 ana ƙidaya, bayan ƙidaya kuma sai jihohi su sake shata iyakokin mazaɓun 'yan majalisa. To bayan ƙidayar 1990 sai su Ginsberg suka lura da wani abu, baƙaƙen fata kusan duk Democrat suke zaɓa, kuma sun daɗe suna kukan cewa ana yayyanka unguwanninsu ana rarraba su yadda nasu ba zai taɓa ci ba, kukan kuma gaskiya ne. Sai Republican suka ce ai mu za mu taya ku, a tattara ku wuri guda ku zama masu rinjaye a mazaɓarku ku fitar da naku. Haka aka yi, a zaɓen 1992 yawan baƙaƙen fata a majalisar wakilai ya ƙaru sosai, abin farin ciki. Amma fa da aka kwashe su aka cusa a mazaɓa ɗaya, sai mazaɓun da ke kewaye suka koma na farar fata masu ra'ayin riƙau zalla, a 1994 Republican ta ƙwace majalisar wakilai karon farko cikin shekara 40. Ba shi kaɗai ne dalili ba, amma ya taimaka musamman a jihohin kudu. Asali ma da dokar kare haƙƙin zaɓen baƙar fata aka kafa hujja. Kamar mai rabon nama ne da zai miƙo maka tsoka ɗaya mai kyau kana godiya, shi kuwa ya riga ya tura sauran saniyar gidansu.

A 1993 ya koma kamfanin Patton Boggs a Washinton, ya shekara wajen 20 a can. Wannan kamfanin lauyoyi ne a suna, amma abin da aka fi saninsa da shi shi ne kamun ƙafa, kuma ya daɗe shi ne na ɗaya wajen samun kuɗi a harkar, ƙarƙashin Tommy Boggs. Su can kamun ƙafa sana'a ce mai rajista, akwai dokar 1995 da ta ce sai ka rubuta wa kake wa aiki da nawa aka biya ka, in kuma gwamnatin waje ko jam'iyyar waje ce ta ɗauke ka akwai wata tsohuwar doka ta 1938 da ta tilasta ka bayyana. Shi ya sa ma muka san gwamnatin Jonathan ta ɗauki kamfanin Levick a 2014 bayan sace 'yan matan Chibok domin gyara mata suna, muka kuma san PDP ta ɗauki Ballard Partners a 2018 kafin tafiyar Atiku Amurka, da ba don takardun da aka ajiye a can ba wa zai gaya mana? Wannan bayyanawar na yaba mata. Abin da ban yarda da shi ba shi ne rufi ɗaya ya haɗa lauyan da ya ceci kujerar ɗan siyasa da mutanen da gobe za su shiga ofis ɗin wannan ɗan siyasan suna roƙa wa kamfanin mai ko na magani alfarma. Ko ba a ce komai ba, wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Sai maganar jihar Fulorida a zaɓen 2000. Ƙuri'a kusan miliyan 6 aka kaɗa a jihar, ratar da ke tsakanin Bush da Al Gore na Democrat ta tsaya a 537 kacal, kuma duk wanda ya ɗauki jihar shi ne shugaban ƙasa. A wasu ƙananan hukumomin kati ake hudawa da ɗan tsinke, wani ya huda bai fita sosai ba ɗan guntun takardar na reto, wani ya ɗan lotsa ne kawai, sai ka ga manyan mutane sun ɗaga kati ɗaya sama suna leƙa shi a hasken fitila, lauyan Bush a dama na Gore a hagu, ana musu a kan ko wannan lotsawar ƙuri'a ce ko ba ƙuri'a ba ce. Kwana 36 ana wannan. Ginsberg shi ne babban lauyan kamfen ɗin Bush, James Baker ke jan tawagar, Ted Olson ya tsaya gaban kotun ƙoli. Ranar 12 ga Disamba alƙalai 5 cikin 9 suka tsayar da sake ƙirgen, washegari Gore ya fito ya ce bai yarda da hukuncin ba amma ya karɓa, duk da ya fi Bush yawan ƙuri'un jama'a da sama da 500,000 a faɗin ƙasar. Wani abin da ya kamata ku sani, cikin lauyoyin da suka taya ɓangaren Bush a wannan rikicin akwai John Roberts da Brett Kavanaugh da Amy Coney Barrett, su ukun yau alƙalai ne a wannan kotun ƙolin.

A 2004 ma ya ɗan shiga tsaka mai wuya, aka gano yana lauyan kamfen ɗin Bush kuma yana ba da shawara ga wata ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke ɓata tarihin John Kerry, abokin hamayyar Bush, a yaƙin Biyetnam, alhali doka ta hana irin waɗannan ƙungiyoyin haɗa baki da kamfen. Ya ce bai karya doka ba kuma lauyoyin Democrat ma haka suke yi, amma dai ya ajiye muƙamin a watan Agusta. Bayan nan ya yi wa Mitt Romney aiki sau biyu a takarar shugaban ƙasa, ya kuma tsaya wa Norm Coleman a rikicin kujerar sanata a Minesota inda Al Franken ya kayar da su da ƙuri'a 312 bayan wata da watanni a kotu, suka haƙura.

Duk wannan na kawo ne don kar wani ya ɗauka waliyyi nake tallatawa. Ɗan jam'iyya ne na gani kashe ni.

Amma ga inda ya samu girmamawata. A 2013 Obama ya haɗa shi da Bob Bauer, lauyan Democrat da suka sha karawa, ya ce su duba matsalar dogayen layuka, suka fito da rahoto a 2014 cewa bai kamata mai zaɓe ya wuce minti 30 a layi ba. Sannan a Satumban 2020, wata biyu kafin zaɓe, lokacin Trump na ta shelar za a yi masa maguɗi, Ginsberg ya rubuta a jaridar Washington Post cewa shi fa ya shafe kusan shekara 40 yana tura wakilai rumfunan zaɓe suna neman maguɗi, abin da suka samu ɗaiɗaiku ne nan da can, babu wata shaidar maguɗin da zai juya zaɓe, don haka jam'iyyarsa ta daina. Kafin zaɓe ya faɗa fa, ba bayan an ga inda iska ta kaɗa ba, kuma mutanensa ya faɗa wa, waɗanda a hannunsu ya ci abinci duk rayuwarsa. A Yunin 2022 ya zauna gaban kwamitin majalisa mai binciken harin da magoya bayan Trump suka kai majalisar ranar 6 ga Janairun 2021 bayan ya faɗi zaɓe, ya ce ɓangaren Trump ya shigar da ƙara sama da 60, ba kotun da ta samu hujjar maguɗin, kuma zaɓen 2020 bai ma yi kusa ba in aka kwatanta da na 2000, ina ratar 537 ina ta sama da 10,000 a jihar Arizona. Ku dubi abin da ya samu lauyoyin Trump da suka bi ɗaya hanyar, Rudy Giuliani an ƙwace lasisinsa na lauya a New York, Sidney Powell da Jenna Ellis sun amsa laifi a kotun Jojiya a 2023.

Na san wani zai ce ai sai da ya yi ritaya daga kamfanin lauyoyi na Jones Day sannan bakinsa ya buɗe, kuma Jones Day ɗin su suka yi wa kamfen ɗin Trump aiki tun 2016, abokin aikinsa Don McGahn ma har ya zama lauyan fadar White House. Gaskiya ne, kuma wannan zargin yana da nauyi a wurina. Shekara da shekaru jam'iyyarsa na tsorata mutane da maganar maguɗi ana kafa dokokin da ke wahalar da talaka da baƙar fata wajen zaɓe, yana ciki, in dai ya san abin ba shi da yawa haka me ya hana shi faɗa tun da wuri? Wannan bashin yana kansa. Sai dai ban yarda a ce ihu bayan hari ya yi ba, don harin bai riga ya zo ba lokacin da ya yi maganar, kuma lauyoyi nawa ne masu ritaya irinsa da suka ja bakinsu suka yi gum don kar a daina gayyatarsu walima? Bai kuma tsaya a rubutu ba, a 2021 shi da Bauer suka kafa wata ƙungiya da ke samar wa ma'aikatan zaɓe lauyoyi kyauta, saboda a lokacin ƙananan ma'aikata, wasu mata ne masu ƙirga ƙuri'a kawai, ana bin su har gida da barazanar kisa.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai, mu nan mun fi kowa sanin zaɓen da ake ƙarasawa a kotu. Mun ga Zamfara a 2019, mun ga Imo a 2020 inda wanda ya zo na huɗu ya zama gwamna, mun ga yadda Kano ta yi wata da watanni ba barci a kan ƙuri'a sama da 165,000 da kotun ƙararrakin zaɓe ta soke har sai da kotun ƙoli ta dawo da su a Janairun 2024. Manyan lauyoyinmu masu SAN sun iya aikin wallahi, ba wanda zai raina musu ilimi, kuma neman nasara wa wanda ya ɗauke ka ba laifi ba ne, sana'ar kenan. Ni dai ina so in ga babban lauyan APC ko na PDP ko NNPP da zai kalli ubangidansa tun kafin a je kotu ya ce ranka ya daɗe na duba takardun nan rumfa bayan rumfa, an kayar da mu ne, ba zan sa hannu a wannan ƙarar ba, in ya so a nemi wani.