Wa Ya Ba Mu Ikon Ƙirga Mata Kwanakin Kuka?

Abin da aka yi wa 'yar'uwarmu ranar Lahadi a gaban dukan ikkilisiya kuskure ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. Waɗanda suke wurin sun gani da idonsu, waɗanda ba sa wurin kuma na san labari ya riga ya kai musu. Mace ta binne mijinta wata huɗu da suka wuce, ta daure ta zo sujada, mawaƙa suka ɗauki waƙar da marigayin yake so, hawaye suka zubo mata, sai aka tsayar da waƙa aka kira ta daga kan mimbari, aka ce lokacin makokinta ya wuce, wai hawayen nan ƙofa ce take buɗe wa Shaiɗan, ta tashi ta ba da shaidar nasara. Ta tashi saboda tana ganin girman na gaba, ta tsaya bakinta yana rawa ba ta iya furta ko kalma ɗaya ba, mu kuwa muka zauna muna kallo. Ni ma ina cikin masu kallon, kuma shirun da na yi a ranar shi ya hana ni barci kwana uku.

Tambayata ɗaya ce, kuma ita zan yi ta maimaitawa har wanda zai gaji ya gaji: wa ya ba mu ikon ƙirga wa mutum kwanakin kukansa? A wace sura aka rubuta cewa gwauruwa tana da wata huɗu, bayan haka hawayenta ya zama zunubi? Muna son karanta sura ta 3 ta littafin Mai-Wa'azi, inda aka jera lokuta 28 biyu-biyu, lokacin shuka da lokacin tumɓukewa, lokacin kuka da lokacin dariya, lokacin makoki da lokacin rawa. Duk tsawon jerin nan ba a faɗi adadin kwanakin ko ɗaya daga cikinsu ba, ba a kuma miƙa wa wani shugaba ikon rufe wannan ya buɗe wancan ba. An dai ce kowane abu yana da lokacinsa, an kuma sa makoki a jeri ɗaya da rawa, ba tare da an kira ɗayan bangaskiya ɗayan kuma kasawa ba. Ƙirgen kwanakin a hannun Allah yake, mu ba a ba mu shi ba.

Na san abin da za a jefo mini, domin tun ranar Litinin ake aiko mini da shi. An ce manzo Bulus ya hana baƙin ciki a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, sura 4 aya 13. Ina roƙon masu aiko mini da ayar su karanta ta har ƙarshe. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na waɗanda ba su da bege, kuma wannan bambancin shi ne dukan maganar. Bulus ɗin nan shi ne ya rubuta wa Filibiyawa cewa da abokin aikinsa Abafaroditas ya mutu a rashin lafiyar da ya yi, da baƙin ciki ya taru masa a kan baƙin ciki. Shi ne kuma ya umarci Romawa su yi kuka tare da masu kuka, bai ce su tsayar da masu kuka su nemi shaida a bakinsu ba. Da aka jajjefe Istifanas, mutane masu tsoron Allah ne suka binne shi suka yi masa makoki mai zafi, Luka kuma ya rubuta hakan a Ayyukan Manzanni ba tare da ya zarge su ba. Idan wannan bai isa ba, Ubangijinmu da kansa ya tsaya a bakin kabarin Li'azaru, yana sane sarai cewa nan da ɗan lokaci zai kira shi ya fito, amma duk da haka ya zub da hawaye. Wanda yake riƙe da tashin matattu a hannunsa ya yi kuka, sa'an nan mu mu ce hawayen matar da aka raba da abokin rayuwarta ƙofar Shaiɗan ce? Wannan magana ba ta da wurin tsayawa a cikin bishara.

Abokan Ayuba guda uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun yi abu mafi kyau a makon farko. Sun zo suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai, dare da rana, ba wanda ya ce masa uffan, domin sun ga azabarsa ta kai matuƙa. Ɓarna ta fara ne a ranar da suka buɗe baki don su bayyana masa dalilin wahalarsa, su kuma nuna masa hanyar fita da sauri. Maganganunsu cike suke da sunan Allah, da yawa daga cikinsu ma idan aka ciro su aka karanta su kaɗai za a ɗauka wa'azi ne mai kyau. Amma a sura ta 42 Allah ya ce wa Elifaz fushinsa ya yi ƙuna a kansa da abokansa biyu, domin ba su faɗi gaskiya game da shi kamar yadda bawansa Ayuba ya yi ba. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa, wanda ya yi ta kai ƙara gaban Allah sura bayan sura, shi aka wanke, masu gyara masa tauhidi kuwa sai da ya yi musu addu'a kafin aka karɓe su. Duk wanda yake riƙe da makirufo a majami'a ya kamata wannan sura ta sa shi rawar jiki kafin ya fassara hawayen wani.

Kuma ba yau shugaban addini ya fara kuskuren karanta zuciyar mace mai baƙin ciki ba. Hannatu tana addu'a a Shilo, leɓunanta suna motsi muryarta ba ta fita, Eli firist ya dube ta ya yanke hukunci cewa a buge take. Abin da ya cece shi shi ne ya saurara da ta ba shi amsa, ya janye maganarsa, ya sa mata albarka. Wannan kaɗai nake nema daga wanda ya yi maganar ranar Lahadi, kuma ina nema da girmamawa, domin shi uba ne a gare mu, gyara kayanka kuma ba ya zama sauke mu raba.

Abin da ya fi damuna ya wuce wannan Lahadi ɗaya. Mun koya wa kanmu wani irin Kiristanci mai gaggawa wanda damina kaɗai ya sani. Idan mutum ya daɗe yana jinya, sai a fara raɗa cewa akwai zunubin da bai furta ba. Idan aure ya yi shekaru babu haihuwa, ko matashi ya gama karatu ya zauna babu aiki, sai a ce addu'arsa ce ba ta da ƙarfi. Almajirai ma sun taɓa yin irin wannan lissafi da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ce ba shi ba ne, ba kuma iyayensa ba. Ya sake rushe lissafin a kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa musu. Amma mu har yau muna nan muna auna bangaskiyar mutane da saurin fitarsu daga wahala.

Ku ɗauki wannan ma'auni namu ku aza shi a kan mutanen da muke wa'azi da sunayensu. Ibrahim yana da shekara 75 aka kira shi da alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Yusufu yana da 17 'yan'uwansa suka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya a gaban Fir'auna, a cikin waɗannan shekaru 13 kuma har da biyu cur da ya ƙara a kurkuku don kawai wanda ya yi wa alheri ya manta da shi. Mahaifinsa Yakubu, da aka kawo masa rigar da jini, 'ya'yansa maza da mata duka suka taru don su ta'azantar da shi, ya ƙi ta'azantuwa, kuma sai bayan shekara 22, da ya ga kekunan da aka aiko daga Masar, aka rubuta cewa ruhunsa ya farfaɗo. Shekara 22, amma Allah bai ji kunyar a kira shi Allah na Yakubu ba. Mu kuwa wata huɗu ya yi mana yawa. Wa ya ba mu wannan ikon?

Har wa yau, girman ruhaniyar da muke ta magana a kai a majami'a, a ina muke tsammani yake faruwa? A rani ne itace yake tura saiwa ƙasa neman ruwa, lokacin da mai wucewa yake ganin kamar ya bushe. Iliya ya sauko daga Dutsen Karmel bayan babbar nasarar rayuwarsa, ya gudu jeji ya kwanta a gindin wani ɗan itace yana roƙon mutuwa. Allah bai tsawata masa ba, bai ce ya tashi ya ba da shaidar wutar da ta sauko jiya ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika ya ciyar da shi har sau biyu, sai bayan tafiyar kwana 40 zuwa Horeb ya yi masa magana da murya mai laushi. Bulus ya roƙi a cire masa ƙayar da ke jikinsa har sau uku, ba a cire ba, aka ce masa alheri ya ishe shi, kuma a wurin ne ya koyi abin da wahayi da mu'ujizai ba su koya masa ba. Ƙarshen sura ta 11 ta Ibraniyawa, wadda muke tsallakewa idan muna wa'azin jaruman bangaskiya, yana maganar waɗanda aka jajjefe, aka tsaga da zarto, suka yi yawo a cikin fatun tumaki, aka kuma yaba bangaskiyarsu alhali ba su karɓi abin da aka alkawarta ba.

Tarihin ikkilisiya ma haka ya nuna. Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, wanda ya tsaya a gaban sarakuna bai ja da baya ba, 'yarsa Magdalena ta rasu a hannunsa a 1542 tana da shekara 13, ya kuma rubuta wa abokinsa cewa ya san ya kamata shi da matarsa su yi godiya, amma sun kasa yin haka ba tare da kuka ba. Mai wa'azi Charles Spurgeon yana da shekara 22 a 1856 lokacin da wasu suka yi ihun gobara yana tsakiyar sujada a wani babban zaure a Landan, mutum bakwai suka mutu a turmutsitsin, kuma nauyin wannan dare da baƙin ciki mai tsanani sun yi ta dawo masa har ƙarshen ransa a 1892. Bai ɓoye wa masu sauraronsa hakan ba, kuma shi ya sa masu karyayyar zuciya suke samun wurin zama a cikin wa'azinsa har yau.

Ni kaina na san wannan lokaci. Shekarar da na rasa mahaifiyata, na fi wata goma ina zuwa sujada ban iya buɗe baki na yi waƙa ba. Abin da ya riƙe ni shi ne wata dattijuwa da take zama kusa da ni, wadda ba ta taɓa tambayata yaushe zan warke ba, sai dai idan an tashi ta riƙe hannuna ta ce, “Sannu, ɗana, Ubangiji yana sane.” Ita ce ta nuna mini Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta kuma ƙare a cikin duhu, babu juyawa zuwa yabo a ƙarshenta, amma Ruhun Allah ya ga ya dace ta zauna a cikin littafin waƙoƙin jama'arsa. Da a lokacin an tsayar da ni an nemi shaida a bakina, ina jin da ban sake taka ƙofar majami'a ba.

Masu cewa nufinsa alheri ne, ban yi musu ba, amma magana zarar bunu ce, kuma kyakkyawan nufi bai rage wa 'yar'uwarmu kunyar da ta sha ba. Masu cewa ya kamata in same shi a asirce, na riga na yi, sai dai abin da aka yi a bainar jama'a ya koyar da jama'a, yaranmu ma suna zaune suna ji, kuma a gaban kowa Bulus ya tsauta wa Bitrus a Antakiya. Masu cewa kada a taɓa shafaffe na Ubangiji kuwa, ba zan tsaya a kan wannan ba, domin gwauruwar ma ta Ubangiji ce, kuma wasiƙar Yakubu ta sa kula da irinta a cikin ma'anar addini mai tsarki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ita kaɗai ta san yadda gidan nan yake idan dare ya yi.

Akwai kuma wani abu da na gani a ranar wanda na kasa mantawa. Sa'ad da take tsaye tana rawar jiki, na hango wayoyi aƙalla uku a sama suna ɗaukar ta, kuma an gaya mini bidiyon ya riga ya shiga WhatsApp. Ban san lokacin da muka fara ɗaukar majami'a a matsayin wurin ɗaukar hoton mutane a sa'ar da suka fi rauni ba. Wanda ya zo gaban Allah da karyayyar zuciya bai ba kowa izinin yaɗa fuskarsa ba, kuma ɗanta na fari ya isa riƙe waya, zai iya cin karo da wannan bidiyo a kowace rana. Duk wanda yake da shi ina roƙonsa ya goge shi yau, ya kuma gaya wa wanda ya tura masa ya goge. Zan kai maganar wayoyi a lokacin sujada gaban dattawan ikkilisiya a zamansu mai zuwa, wanda yake so ya sa hannu a takardar ya same ni bayan addu'ar Laraba.