Kwana a otal ɗin fada ba kwana a gadon sarki ba ne

Da yawa idan suka ji an ce an mayar da tsohuwar fada otal, sai su ɗauka duk wanda ya biya kuɗi zai kwana a ɗakin da sarki ya kwana. Ba kasafai abin yake haka ba.

Dubi fadar Ciragan da ke bakin ruwan Bosforus a Istanbul. Sarkin Daular Usmaniyya Abdul'aziz ne ya gina ta, amma a 1910 gobara ta cinye cikinta ƙurmus, bango kawai ya tsira. Shekara da shekaru tana kufai, har filinta ya zama wurin buga ƙwallo. Saboda haka matakalar marmara da adon rufin da baƙo ke ɗaga kai yana kallo yau, aikin gyara ne na baya-bayan nan. Kuma yawancin ɗakunan kwanan suna wani sabon gini ne a gefe. Na cikin fadar kanta 'yan kaɗan ne, kuɗinsu kuwa sai wane da wane.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Ba a gina fada don baƙi ɗaruruwa ba: zaurukan manya ne, banɗakuna kaɗan, ga dokar kare kayan tarihi da ke hana fasa bango don a sa bututu ko lif.

Wani lokacin ma sunan ne kawai. Taj Mahal Palace na Mumbai, tun buɗe shi a 1903 otal ne, sarki bai taɓa mulki a cikinsa ba.