A ɗaure likitan, sai kuma me?

Da zarar an ce wani ya rasu bayan tiyata a Legas, kafin a yi sadakar uku an riga an yanke hukunci a Facebook da zaurukan WhatsApp: allurar barci ce ta yi masa yawa, a kama likitan a ɗaure. A makon jiya ma haka na sha wannan magana a majalisarmu ta Agege, har da mai rantsuwa, alhali bai taɓa leƙa ɗakin tiyata ba.

Allurar barci tana da haɗari, babu mai musu. Maganin da ke sa mutum barci yana iya danne numfashi, allurar baya da ake yi wa masu haihuwa kuma tana iya faɗar da bugun jini cikin 'yan mintuna. Amma a ɗakin tiyata akwai mutum tsaye a kan majinyaci, idonsa na kan na'ura. Abin tambaya shi ne wa ke tsaye a kansa da ƙarfe biyun dare, bayan an mayar da shi gado.

An fa bincika wannan. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta buga binciken da Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta, kan majinyata 11,422 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya. Majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka biyu. Abin da masu ihu ba sa son ji shi ne kashi 94 cikin 100 na waɗanda suka rasu, ba a ranar tiyatar suka rasu ba. A kwanakin da suka biyo baya ne, jini na zuba a ciki, ko numfashi na ja baya, babu wanda ya lura da wuri.

Na ga irin wannan daren da idona, lokacin da na yi jinyar ƙanena a wani asibiti a nan Legas. Nas ɗaya ce a dogon ɗaki, da 'yar na'urar auna iskar oksijin guda ɗaya tak, irin wadda ake maƙalawa a yatsa, tana yawo da ita gado zuwa gado. Dattijon da ke kusa da mu ya fara wani irin minshari, ɗansa ya ce, "Baba ya samu barci, alhamdu lillahi." Ashe numfashi ne ke ƙwacewa. Allah ya sa nas ɗin ta iso kansa a kan kari. Da ya cika, na tabbata allurar barcin da aka yi masa da safe za a zarga.

Masu cewa tsoron kurkuku zai gyara likitoci ba su san ɗan Adam ba. Wanda ya san kuskurensa zai kai shi gidan yari ba zai rubuta shi a fayil ba, kuma abin da ba a rubuta ba, da me za a yi bincikensa? Ingila tun 1952 take bin diddigin mutuwar masu haihuwa ɗaya bayan ɗaya ba tare da bayyana suna ba. Mu kuwa sai a ce "kwana ya ƙare" ko a ce "a ɗaure shi", a rufe fayil. Mai sakaci na gaske a hukunta shi, aikin hukumar kula da likitoci ke nan, ba na 'yan sharhin waya ba.

Ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta ce a samu aƙalla 5 ga kowane mutum 100,000. Najeriya ko ɗaya ba ta kai ba, 'yan kaɗan ɗin ma kullum suna kan hanyar filin jirgin Ikeja. A ci gaba da yi musu barazanar ankwa, a ga wanda zai rage.

Asibitocin koyarwa na Idi-Araba da Ikeja suna da masanan da za su iya jagorantar ƙidayar duk wata matsala da ta biyo bayan tiyata a jihar, har da ta asibitocin kuɗi. Gwamnatin jiha ta tilasta kai rahoto, ta kare mai kaiwa, sannan ta ƙara nas-nas na dare.