Kumbon kwaikwayo: yaranmu na Makka da Jidda ma su shiga

Wata ranar Asabar na raka 'yar ƙanwata ajin ƙarshen mako a Jidda, ina zaton allo da alli zan tarar. Sai na ga malamin ya raba ɗaki biyu da baƙin labule: ɓangare ɗaya kumbo, ɗayan kuma ɗakin masu ba da umarni daga ƙasa. Kayan aikin ba su wuce tsofaffin kwamfutoci uku ba, da oba-oba biyu irin na masu gadi, da jan ƙwan fitila. Ita aka ɗora wa kula da iskar shaƙa, yarinyar da in aka ce lissafi sai ciwon kai ya tashi.

Ana cikin tafiya sai murya ta fito daga oba-oba: iskar da ke tanki za ta ishi mutum 4 awa 12, to an ceto mutum 2 daga wani kumbon, awa nawa za ta kai ku? Ta ce 18. Malam bai ce uffan ba, ya dai kunna jar fitilar. Ɗakin ya yi tsit. Na ga ta sunkuya tana ƙirga da yatsu, leɓenta na motsi, can ta ɗago: "A'a, baki ya ƙaru, dole awa ta ragu. Takwas ne!" A mota ta ce mini, "Kawu, da ban gyara ba da duk mun halaka."

Wannan maganar tata ce ta sa nake goyon bayan koyar da yara ilimin sararin samaniya ta hanyar kumbon kwaikwayo. A aji, in yaro ya yi kuskure jan biro ne a littafinsa, gobe ya manta. A cikin kumbon nan kuwa akwai mutane biyar da suka dogara da amsarsa, ga kuma damar ya gyara da kansa kafin a faɗa masa. Amana aka damƙa masa, kuma yaro yana jin nauyin amana fiye da yadda manya suke zato.

Dabarar ta daɗe. Bayan kumbon Challenger ya tarwatse ranar 28 ga Janairun 1986 da mutum bakwai, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe, iyalan mamatan suka kafa cibiyar koyar da yara, aka buɗe ta farko a birnin Houston a 1988. Tsarin shi ne dai wanda na gani a bayan labulen nan: wasu a kumbo, wasu a ƙasa, kowa da aikinsa.

A Saudiyya kuwa zancen sama ba tatsuniya ba ce. Yarima Sultan bin Salman ya tashi a kumbon Discovery ranar 17 ga Yunin 1985, a ƙarshen watan azumi, ya zama Balarabe kuma Musulmi na farko da ya je sararin samaniya. A 21 ga Mayun 2023 Rayyanah Barnawi da Ali al-Qarni suka tashi daga Florida zuwa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, suka yi gwaje-gwaje 14, uku daga ciki tare da ɗaliban makarantun ƙasar da ke bin su kai tsaye. Rayyanah haifaffiyar Jidda ce, mai binciken ƙwayoyin halitta da cutar kansar mama. Duk wanda ya zauna a Hijaz ya san sunan Barnawi ƙasar Barno yake nuni, kamar yadda ya san na Hausawi da Fallata. Na ga yadda mata a unguwarmu suka riƙa tura wa juna hotonta a waya. To murnar ta ƙare a hoto ke nan?

Na san abin da wasu iyaye za su ce, don an faɗa mini a fuska: wasa ne, yaro ya tsaya ga Alƙur'ani da karatun da zai ba shi aiki. Ban raina wannan damuwa ba. Amma mu da muke jiran labarin ganin wata daga Tumair da Sudair kafin mu ɗauki azumi, yaushe ilimin sama ya zama baƙo a gidanmu? Iyayenmu sun san Zara, sun san gamzaki, sun san kaza da 'ya'yanta. Tashar nan da Rayyanah ta je tana da nisan kilomita kusan 400 daga ƙasa, tana zagaya duniya cikin minti 90, mazaunanta na ganin fitowar rana sau 16 a kwana ɗaya. Ka tambayi yaro ɗan shekara goma yadda zai yi salloli biyar a can, ka ga yadda idonsa zai buɗe. Tambayar nan ce ta sa malaman Malesiya suka zauna suka rubuta jagorar ibada lokacin da ɗan ƙasarsu Sheikh Muszaphar Shukor zai tashi a 2007. Fiƙihu da lissafi a tambaya ɗaya.

Inda masu suka suke da gaskiya shi ne, kumbon da ba malami a bayansa lilo ne kawai. Kujera mai girgiza da babban allon majigi za su sa yaro ihu, ya fito bai ƙaru da komai ba. Aikin yana hannun wanda ya tsara tafiyar, ya san inda zai jefa matsala da lokacin da zai yi shiru. Malamin nan na Jidda yakan jinkirta amsa da gangan, don yara su gane cewa saƙo zuwa wata yana ɗaukar daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, zuwa duniyar Mars kuwa yana iya kai minti 22. Ba wanda zai cece ka nan take, sai ka yi tunani.

Wuraren gani da ido akwai su: cibiyar Scitech a Khobar, da gidan tarihin ilimin taurari da ke saman dogon benen agogo a Makka. Sai dai Khobar ta fi kilomita 1,000 daga Jidda, kuma uban da ke fama da kuɗin haya da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, ba kasafai zai ware wa yara biyar kuɗin tikiti ba. Yaran unguwanninmu na Makka da Jidda, irin su Shari' Mansur da Hindawiyya da Karantina, su ne nake tunani.

Shi ya sa nake kira ga ƙungiyoyin mazauna da masu ajujuwan ƙarshen mako: ɗaki ɗaya ya isa. Manhajar Stellarium kyauta ce, tana nuna sararin Makka na kowane dare da taurarinsa. Tsofaffin kwamfutoci suna nan jibge a gidajenmu. Cikin 'ya'yanmu akwai waɗanda suka karanta injiniya da kimiyya, a nemi biyu su ba da awa biyu duk Asabar, kuma a biya malamin haƙƙinsa kada a bar shi da Allah ya saka. Kada kuma a tura 'yan mata kujerun baya, a ba su sitiyari.

Ita dai 'yar ƙanwata an ce mako mai zuwa ita ce matuƙiya. Jiya da magariba ta ja ni saman soro in nuna mata Zara, tana tambayata awa nawa za a yi kafin a isa can.