Ranar da Aka Buɗe Bakin Jakar Bal'amu

Duk wanda ya taɓa koyar da yara a makarantar Lahadi a Garwa ta ƙasar Kamaru cikin watan Afrilu ya san cewa barci ya fi Shaiɗan saurin shiga aji. Zafi yakan wuce digiri 40, iskar kogin Binuwai ba ta isowa unguwarmu, yaran kuma wasu Hausa suke ji, wasu Fulatanci, 'yan boko kuwa sai an sa musu Faransanci, ta yadda kafin in gama faɗar aya ɗaya da harsuna uku, rabin aji ya riga ya fara gyangyaɗi. Wannan ne ya sa Baba Fasto ya tura ni wani horo na kwana huɗu a Ngaundere, garin da 'yan mishan na Norwe suka kafa tasharsu tun 1925, domin in koyo yadda ake isar wa yara labaran Littafi Mai Tsarki da 'yan tsana.

Wata dattijuwar Baturiya ce ta koyar da mu, kuma sai da na zura hannu na gane cewa abin sana'a ne mai ƙa'ida. Yatsu huɗu suna shiga leɓen sama, babban yatsa yana leɓen ƙasa, kuma shi kaɗai ya kamata ya motsa, domin idan ka ɗaga na sama, kan 'yar tsanar zai riƙa wuntsilawa baya kamar mai shan magani. Baki yana buɗewa sau ɗaya a kowace gaɓar kalma, hannu kuma ba ya sauka ko da kafaɗa ta ɗauki wuta, in ba haka ba annabinka zai nitse a bayan labule yara suna kallo. A raina na ce ai wannan dabo-dabo ne da aka yi wa baftisma, amma ban faɗa a fili ba. Na dawo gida da 'yan tsana biyu, wani tsoho mai gemun auduga da wata jaka da aka ɗinka da safa ruwan toka, aka sa mata idanun maɓalli.

Da jaka a hannu, labarin ya zaɓi kansa. A sura ta 22 ta Littafin Ƙidaya, Balak sarkin Mowab ya aika a kira Bal'amu ya la'anci Isra'ilawa, mala'ika ya tare hanya da takobi zare, jakar ta gan shi amma maigidanta bai gani ba. Da farko ta ratse cikin gona, sannan ta matse ƙafarsa da bango, a karo na uku ta kwanta, kowane karo yana dukanta, har Ubangiji ya buɗe bakinta ta yi magana. Mako biyu na yi ina gwaji a ɗaki da dare, na ƙware a kukan jaki har jakin mai sayar da itace na bayan gidanmu ya fara amsa mini.

Ranar wasan, mun ɗaura zane tsakanin bishiyoyin darbejiya biyu a harabar majami'a, yaran unguwa kuma suka cika tabarmi, har da waɗanda ba su taɓa leƙo mu ba. Na buɗe kwali na tarar da Bal'amu shi kaɗai, sai na tuna cewa na bar abokiyar tafiyarsa a kan gado bayan gwajin daren jiya. Nan take na rubuta wa ƙanena saƙo a waya cewa ya kawo mini jakar da ke kan gado, maza-maza. A nan ne rubutun boko ya ci amanata, domin baki yana bambanta jakar da ake hawa da jakar da ake ratayawa, amma a rubuce haruffa huɗun nan ɗaya ne. Bayan minti ashirin sai ga shi a kan babur, yana haki, ya miƙo mini jakar hannu ta matata, mai ruwan ƙasa da dogon zif.

Na ce, "Kai, mene ne wannan?" Ya ce, "Yaya, wallahi ita kaɗai na gani a kan gado." Kafin in sami abin faɗa, Baba Fasto ya leƙo bayan labule ya ce, "Malam, a fara, yara sun soma watsewa." Na ce, "To, Baba." Da mai hankali ne, da ya sauya labari. Ni kuwa na yago kunnuwa biyu daga kwalin, na maƙala su da abin shanya, na manna marafan kwalbar lemo biyu da cingam a matsayin idanu, na tallabo jakar ta ƙasa da hannun hagu, na ɗaga ta sama da labule.

Abin mamaki, yaran sun karɓe ta. Mala'ikanmu, wani yaro ɗan shekara goma da muka lulluɓe da farin mayafi muka ba shi takobin kwali, ya tsaya ƙyam a gaban labule. Jaka ta ratse, Bal'amu ya kai mata sanda, yara suka fashe da dariya. Na ji wani ƙaras-ƙaras a cikinta a duka na farko, na sake ji a na biyu, amma daɗin tafi ya toshe mini kunne, har ma na ƙara wa dukan ƙarfi. Da aka zo na uku, yarinyar da ke karanta labarin ta ɗaga murya ta ce Ubangiji ya buɗe bakin jakar, ni kuma, domin cika nassi, na sa hannun Bal'amu na ja zif ɗin tun daga wannan kunne har zuwa wancan.

Ashe a ranar ce matata take riƙe da kuɗin adashen zumuntar mata, kuma yawancinsu tsaba ne, a wurinmu kuwa sefa biyar ake kira dala. 'Yan dala biyar, 'yan dala goma da 'yan dala ashirin suka zubo kamar an kwance buhun gero, kwalli da madubi da goro biyu da makullin ɗakinmu suka biyo baya. Ni ina bayan zane ban ga komai ba, na ɗauka ihun da nake ji na jin daɗin wasa ne, don haka na maƙale murya na ci gaba da cewa, "Me na yi maka da ka doke ni har sau uku?" Sai wata murya da na sani sarai ta amsa daga gaban labule, a natse, ta ce, "Baban yara, ni ma tambayar da na zo yi maka ke nan." Na leƙo na ga matata tsaye da mata shida na zumunta a bayanta, yara suna wawa a ƙasa, mala'ika kuwa ya yar da takobi ya tattare mayafinsa yana zuba tsaba a ciki.

Baba Fasto ne ya kwantar da tarzomar. Ya sa aka zagaya da farantin baiko, ya ce duk wanda ya tsinci abin da ya fito daga bakin jaka ya mayar, yana magana yana goge ido da hankici, wai ƙura ce ta shiga. Cikin sefa 12,000 da ke jakar, 9,150 suka dawo, tare da maɓalli ɗaya da goro guda da aka gutsura. Ragowar 2,850 daga aljihuna suka fita a daren, haɗe da kuɗin sabuwar jaka, tunda cingam ya ƙi fita daga tsohuwar. 'Yar tsanar kuwa a ƙarƙashin gado muka same ta, ɓera ya riga ya cinye mata kunne ɗaya.

Lahadin da ta biyo baya, yaran da suka zo sun ninka na kullum, ba kuma wanda ya yi gyangyaɗi. Na shirya musu labarin Dauda da Goliyat, amma tun kafin in buɗe baki wani ƙaramin yaro da ban sani ba ya ɗaga hannu, riƙe da gwangwanin madara wanda ba komai a cikinsa, ya ce, "Malam, yau ma jakar za ta yi magana?"