Ya Haƙurin Kawu?

Tun ranar Asabar nake jiran wani a cikinku ya kira ya ba ni haƙuri. Shiru, sai masu ta'aziyya. To bari in faɗi nawa kafin bidiyon nan da aka ɗauke ni a taro ya kai Rigasa.

Kun dai san zaman da muke yi duk ƙarshen wata a garejin Malam a Unguwar Rimi. Wannan karon aka ce littafin zane za a tattauna, Ultimate Spider-Man ɗin da kamfanin Marvel ya sake farowa daga lamba 1 a Janairun 2024. Aka nemi mai gabatarwa, na ɗaga hannu tun ba a rufe baki ba. Wa ya fi ni? Ni da na san Gizo tun ina firamare a Tudun Wada. Kowa a waya ya karanta nasa, ni kuwa na ce littafin zane sai a takarda, na hau Keke na tafi wurin mai tsofaffin littattafan nan na bakin Ahmadu Bello Way, na ce Ultimate Spider-Man na farko nake so. Ya tona ƙasan kwali ya miƙo mini. Ga sunan nan ɓaro-ɓaro a bango. Ko tayawa ban yi ba.

Alamu kam sun nuna, ni ne ban gani ba. Takardar ta yi ja, tana warin kyankyaso. Kwamfutar da ke cikin zanen irin mai ƙeyar nan ce ta kafe ɗin dā, kuma duk littafin babu mai riƙe da wayar shafa. Sai na rubuta a 'yar takardata cewa dabarar mai zane ce, yana so ya tuna mana da yarinta. Har layi na ja a ƙarƙashi.

Ranar na sa shaddata ta Sallah. Mun kai mu ashirin, har da ƙanwar mutumin Malali, 'yar sakandaren nan da ba ta magana. Na fara da tarihi, kuma wallahi nan ban yi kuskure ko ɗaya ba: Stan Lee da Steve Ditko suka ƙirƙiro Spider-Man, wato Peter Parker, a 1962, a mujallar Amazing Fantasy lamba 15. Na ce mu Hausawa mun riga su sanin Gizo, sai dai namu yana da Ƙoƙinsa, duk tsiyarsa ba a taɓa raba su ba. Aka yi dariya. Na ce na Amurka kuwa ya auri Mary Jane a 1987, suka yi shekara 20 tare, sai a 2007 marubuta suka sa shi ya yi ciniki da wani shaiɗani wai shi Mephisto, a shafe auren kamar ba a taɓa yi ba don a ceci ran tsohuwa May da ta rene shi. Na ce ko a kotun Magajin Gari sai an kira waliyyai kafin a raba aure. Aka ƙara dariya. Kaina ya kumbura.

Daga nan na shiga sabon littafin, na sauke musu kwandon zagi. Na ce an yaudare mu. An ce sabo, ashe tsohon tuwo aka ɗumama: yaro ɗan shekara 15, tabarau, sakandare, ana cin zalinsa a aji, gizo-gizo ya cije shi. Na ce shekara 17 muna roƙon a bar bawan Allahn nan ya girma ya ajiye iyali kamar kowa, sun ƙi, sun mayar da shi ɗan makaranta.

Gareji ya yi tsit. Na ɗauka kwarjini ne.

Sai na zo kan mutuwar Ben, kawun Peter, mijin May. Nan na sassauta murya, don tun a gida na gwada wurin a gaban madubi. A daidai lokacin mai shayin tsallaken titi ya shigo da tire. Na ce, "Jama'a, Kawu ya rasu. Ɓarawo ya shigo har gida cikin dare ya harbe shi. Mutumin da ya riƙe maraya, ya ci da shi, ya sha da shi." Idona ya kawo ruwa, kuma har gobe ina cewa ƙurar hunturu ce. Mai shayi ya dire tire a hankali, ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya fita bai ko tsaya karɓar kuɗinsa ba. Ban kawo komai a raina ba.

Sai yarinyar nan ta ɗaga hannu. Ba ma sosai ba, iya kafaɗa.

Ta ce, "Yaya, don Allah a wane shafi ya rasu?"

Na yi murmushi irin na manya. Na ce ƙanwata, ai ko wanda bai taɓa buɗe littafin ba ya san Kawu Ben mutuwa yake yi, aikinsa ke nan tun 1962.

Ta ce, "A namu yana nan da ransa. Edita ne a jaridar Daily Bugle, shi da Jameson shugaban jaridar aminai ne, tare ma suka ajiye aiki saboda wani mugun attajiri, Wilson Fisk. Matarsa May ce ta rasu."

Na ce wataƙila ta jabu kika sauko da ita, kin san intanet. Wallahi haka na ce. A gaban mutum ashirin da duk abu ɗaya suka karanta, ni kaɗai na ce nasu ne jabu. Ta taso a hankali, ta riƙo wayar da hannu biyu kamar mai miƙa wa siriki ruwa. Na duba. Wani magidanci ne da gemu da tabarau, ga yara biyu, mace da namiji, ga mace mai jan gashi. Na ce wannan kuma wane ne, baban Peter?

"Peter ɗin ne, Yaya. Shekararsa 35. Wannan matarsa ce Mary Jane, waɗannan 'ya'yansu ne."

Malam ya miƙo hannu bai ce komai ba. Na ba shi littafina. Ya ciro tabarau daga aljihu, ya goge da bakin riga, ya sa, ya cire, ya sake gogewa. Duk wannan lokacin ina tsaye. Ya buɗe bangon ciki, ya bi ƙananan rubutun nan da yatsa, ya karanta da ƙarfi kamar mai karanta wasiyya: Brian Michael Bendis, Mark Bagley. Ya ɗago ya ce wanda aka ce a karanta na Jonathan Hickman ne da Marco Checchetto. Ya sake sunkuyawa. Ya ce, "Wannan a shekarar 2000 aka fara shi. Ɗana, littafin nan ya girmi rabin mutanen da ke garejin nan."

Suna ɗaya, lamba ɗaya, shekara 24 a tsakani. Minti arba'in na yi ina zagin mutane kan sun ƙi yin abin da suka riga suka yi.

Ina neman kujera da baya, yarinyar ta sake ɗaga hannun nan iya kafaɗa. Ta ce, "Kuma Yaya, ba kawunsa ba ne. Yayan mahaifinsa ne. Baffa za ka ce."

Nan garejin ya fashe.

Ita ban riƙe ta ba, gaskiya ta faɗa, kuma da ladabi. Wanda na riƙe shi ne mutumin Badarawa. Kun san shi. Tun ranar Alhamis ya ga littafin a hannuna a wurin mai tsire, ya karɓa, ya jujjuya, ya shinshina, ya ce "kai, ka samu na asali." Ya karanta na gaskiyar tun fitowarsa, shi ya ba da shawarar a tattauna shi ma. Ranar Asabar ya zo ya zauna dab da ni, duk jimlar da na yi sai ya gyaɗa kai, "ƙwarai," "haka yake," "faɗa musu." Ku saurari bidiyon da kyau, a daidai inda na tsaya share ido akwai muryar da ke cewa "ci gaba, ci gaba, Allah ya jiƙan Kawu." Shi ne. Shi ya ɗauka, kuma da wace waya? Wayar da ke cin caji da fawa bankina, wanda ya ara tun bikin ƙanensa ya ce zuwa magariba. Mutumin da na tura wa babur daga Kawo har gidan mai cikin ruwan sama, yana bisa yana ce mini in ƙara ƙarfi. Da na tare shi bayan taro, cewa ya yi bai so ya katse ni ba ne don ya ga na shirya sosai. Har ya ce shaddar ta yi mini kyau a bidiyon.

Lahadi da safe ina kwance na ji sallama. Mai shayi ne, da mai wankin hula, da wani dattijo da ban taɓa gani ba. Sun zauna a zaure sun ɗaga hannu. Hajiya ta leƙo ta ji ana "ya haƙurin Kawu, ashe 'yan fashi ne," ita kuwa ɗan'uwa ɗaya gare ta a duniya, yana Zariya. Kafin in sa riga ta zube a tsakar gida tana salati tana neman lambarsa. Kawu ya ɗauka da bakinsa cike da ƙosai, ya ce shi dai bai samu labari ba, amma a bincika masa wanda ya harbe shi.

Sai da na zauna na yi wa Hajiya bayanin Spider-Man daga farko. Ta saurara har ƙarshe. Ta ce, "Wato gizon Turawa." Na ce e. Ta ce yana da mata? Na ce a sabon yana da ita, har da 'ya'ya biyu. Ta ce shekararsa nawa? Na faɗa. Ta dube ni tun daga hula har silifa, ta tashi ta shiga kicin.

Da dare na karanta na gaskiyar a waya, kamar kowa. Abin haushin, yana da kyau. Wani mugu da ake kira Maker ne ya hana gizo-gizon cizon Peter tun yana yaro, sai ya tashi mutum kamar ni da kai, aiki, gida, kai yara makaranta, amma kullum yana jin kamar an sace masa wani abu bai san mene ne ba. Bayan shekara 20 wani mai ƙere-ƙere wai shi Tony Stark ya aiko masa da gizon, ya ce ga rayuwar da aka ƙwace maka, in kana so. Inda ya fi kama ni shi ne bai yi gaban kansa ba sai da ya zauna da matarsa ya faɗa mata abin da ke cin ransa. Kusan babu faɗa a fitowar farko, hira ce kawai, kuma ban ji na ƙosa ba. Ben ɗin ma tsoho ne mai taurin kai, da gani zai yi wuyar kashewa.

Jiya na mayar wa mai littattafai kayansa. Ya ce ba a mayarwa, kuma ai abin da na tambaya ya ba ni. Ya ce ma akwai na biyunsa a ƙasan kwalin in ina so. Na tsaya jim. Na ce nawa.