Babu Minti Ɗaya da Ya Dace da Kowane Firam

Masu koyon buga hoto a riga da sikirin, wato firam mai raga da ake shafa wa wani magani mai suna emolshon, sukan tambaya, "Minti nawa ake haska emolshon?" Suna ganin akwai adadi guda da za a riƙe har abada. Ba laifinsu ba ne, haka suka ga maigidansu yana yi da fitilarsa. Amma abin yana damuna, domin firam da yawa sun lalace ta wannan hanya.

Hasken UV da fitilar ke fitarwa ne ke sa emolshon ya yi tauri, kuma yawan da ke isa gare shi ya danganta da irin fitilar, tazararta, kaurin shafin emolshon, har da launin ragar, don raga mai ruwan ɗorawa ta fi fara cin lokaci. Misali, idan minti 3 ya isa a tazarar santimita 30, ka matsar da fitilar zuwa 60, sai ka ba shi kusan minti 12, ba 6 ba.

Gwaji ne ke ba da amsa. Bari shafin ya bushe sarai a duhu, ka ɗora hoton, ka raba firam gida 5, ka rufe da kwali mai kauri, ka kunna fitila, kana janye kwalin gida ɗaya duk bayan minti 1. Wanke, ka shafa yatsa a cikin ragar. Inda ya yi santsi ko ya bare, haske bai isa ba. Inda ƙananan layukan hoton suka toshe, ya yi yawa. Rubuta lokacin gidan da ya fito tsaf, ka sake gwajin duk ranar da ka canza fitila ko emolshon.